Tartsatsi a Kan Kari: Kimiyyar Saita Taimin a Tsofaffin Injunan Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata suna lugude ya ga darasin kimiyya, ko da bai ankara ba. Mata biyu ko uku ne suke kewaye turmi guda, kowace da taɓaryarta, amma ba a ganin taɓare biyu sun haɗu a cikin turmin, domin kowace ta san lokacinta. Da ɗaya za ta yi gaggawa ko ta makara, da dakan ya lalace komai ƙarfin damtsenta. Haka al'amarin yake a cikin injin mota mai amfani da fetur. Ana iya samun mai mai kyau, da batir mai caji, da sababbin fulogogi, amma muddin tartsatsin wuta bai zo a kan kari ba, injin ba zai yi ƙarfi ba, zai sha mai, zai yi zafi, wani lokaci ma ya lalace. Daidaita lokacin wannan tartsatsi shi ne abin da makanikai suke kira saita taimin. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa tilas tartsatsin ya riga fistin isa ƙarshen hawansa, da yadda ake gano wannan wuri, da kuma yadda ake saita taimin da kayan aikin da ba su fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare ba.

Kakuri da Motar 504

A Arewacin Nijeriya da wuya a sami wurin da ya fi kudancin Kogin Kaduna dacewa da wannan bayani. A nan ne unguwar masana'antu ta Kakuri take, inda aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, aka kuma kafa masana'antar ƙera makamai ta ƙasa a 1964. A 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a wannan unguwa. Motar da ta fi fice a cikinsu ita ce Peugeot 504, wadda aka fara fitarwa a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai. Ita ce ta zama motar ma'aikatan gwamnati da ta 'yan kasuwa, doguwarta kuma ta daɗe tana jigilar fasinja daga tashoshi irin su tashar Television zuwa Kafanchan da Abuja da sauran garuruwa.

Masana'antar ta horar da ma'aikata masu yawa, garejojin Kakuri da Makera da Nasarawa da Sabon Tasha kuma suka yaye yara masu yawa a kan wannan inji. Yawancin injunan 504 na fetur masu silinda 4 ne, masu kafireta da distirbita, wato babu wata kwamfuta da take yi musu lissafi. Komai a fili yake, ido yana gani, hannu yana taɓawa. Motocin sun ragu ƙwarai a kan hanya, amma waɗanda suka rage galibi suna hannun masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda abincinsu ya dogara a kansu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ya ƙara hawa. Saboda haka injin da yake zubar da mai a banza yanzu yana cin rabon iyali ne kai tsaye.

Matakai Huɗu da Ƙololuwa

Irin wannan inji yana aiki ne bisa tsarin matakai 4 da Nikolaus Otto na ƙasar Jamus ya kammala a 1876. A mataki na farko fistin yana sauka a cikin silinda, bawul ɗin shiga yana buɗe, sai a shaƙi iska gauraye da fetur. A mataki na biyu bawuloli duka biyu suna rufe, fistin ya hau ya matse wannan gauraye a ɗan ƙaramin wuri. A mataki na uku fulogi ya ba da tartsatsi, man ya kama da wuta, iskar ta yi zafi ta kumbura ta tura fistin ƙasa da ƙarfi. A mataki na huɗu bawul ɗin fita ya buɗe, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Fistin yana haɗe da karanshaf, wato sandar da take mayar da hawa da sauka su zama juyi. Kafin matakan 4 su cika sai karanshaf ya juya sau 2, wato digiri 720, kuma mataki na uku ne kaɗai yake ba da ƙarfi.

Wuri mafi nisa da fistin yake kaiwa a hawansa, inda yake tsayawa na ɗan ƙiftawar ido kafin ya juyo, shi ne za a kira ƙololuwa a wannan maƙala. Masana injiniya suna ɗaukarsa a matsayin mataccen wuri, kuma kowane tela mai keken ɗinki na ƙafa ya san dalili. Akwai inda matakin keken yakan tsaya, ko an taka shi ba ya motsi, sai an sa hannu an tura ƙafar keken tukuna. Mai tuka keke ma ya san cewa idan feda tana can sama daidai, danna ta ƙasa ba ya ciyar da keken gaba. A ƙololuwa fistin da sandarsa da gwiwar karanshaf suna kan layi ɗaya miƙaƙƙe, don haka duk ƙarfin da aka danna a kan fistin a wannan lokaci ba ya juya komai. Daga wannan wuri ne ake auna taimin, ana lissafa shi da digiri na juyin karanshaf, kafin ƙololuwa ko bayanta.

Dalilin da Ya Sa Tartsatsi Yake Riga Fistin

Mai karatu zai iya zaton cewa lokacin da ya fi dacewa a kunna wutar shi ne daidai ƙololuwa. Da haka ne, in da fetur yana ƙonewa nan take. Amma wutar tana farawa ne daga bakin fulogi ta bazu zuwa gefen silinda, kamar yadda gobarar daji take bin busasshiyar ciyawa, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Injin yana ba da ƙarfi mafi yawa ne idan matsin iskar ya kai matuƙa jim kaɗan bayan ƙololuwa, wajen digiri 15, lokacin da gwiwar karanshaf ta fara karkata. Kenan dole a kunna wutar tun fistin yana kan hanyar hawa. Maharbin da yake harbin tsuntsu mai tashi ba ya auna inda tsuntsun yake, sai inda zai kai.

Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. Idan inji yana silo, yana juyi 800 a minti, karanshaf yana cin digiri 4,800 a daƙiƙa guda, don haka a cikin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa zai ci kusan digiri 10. Idan aka taka totur ya kai juyi 3,000 a minti, zai ci digiri 18,000 a daƙiƙa, wato digiri 36 a cikin wancan ɗan lokaci. Wannan ya nuna cewa gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda ake bukatar tartsatsin ya zo da wuri. A wannan gudu, inji mai silinda 4 yana bukatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa, kowanne a kan karinsa.

Ɗaliban ilimin halittu sun san irin wannan tsari a jikin ɗan Adam. Saƙon lantarkin da yake sa zuciya bugawa yana tasowa daga ɗakunanta na sama, sai a jinkirta shi kimanin kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya isa ɗakunan ƙasa, domin su cika da jini kafin su matse. Idan wannan tazara ta rikice, zuciya ba ta harba jini yadda ya kamata ko da tsokarta lafiya lau take.

Inda Tartsatsin Yake Fitowa

Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa, alhali kafin wuta ta tsallake ratar bakin fulogi a cikin matsattsiyar iska ana bukatar bolt 10,000 ko fiye. Kwayil ne yake wannan aiki. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu, ɗaya mai kauri marar yawa, ɗaya siriri mai dubban zagaye. Lantarki yana bin naɗin farko ya haifar da maganaɗisu. Da zarar an yanke lantarkin sai maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, wannan rushewa kuwa ita take haifar da babban ƙarfin lantarki a naɗi na biyu. Abin da yake yanke lantarkin shi ne kwantak, wani ɗan makunni da yake buɗewa yana rufewa a cikin distirbita. Abin lura a nan shi ne, tartsatsin yana fitowa ne a daidai lokacin da kwantak ya buɗe.

Distirbita tana juyi ɗaya a duk juyi 2 na karanshaf, rotar da take cikinta kuma tana miƙa wutar ga fulogogi bi da bi, a jerin 1, 3, 4, 2. A ƙarƙashin kwantak akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da suke buɗewa idan gudu ya ƙaru, su gaggauta tartsatsin. A gefe kuma akwai ɗan gwangwani mai tiyo zuwa kafireta, wanda yake ƙara gaggauta shi idan injin ba ya ɗauke da nauyi. Charles Kettering na Amurka ne ya ƙirƙiro wannan tsari na batir da kwayil da kwantak, aka fara sa shi a motocin Cadillac wajen 1910. Sunan kamfaninsa Delco, shi ya sa har yau masu jin Faransanci suke kiran distirbita da wannan suna.

Yadda Ake Gano Ƙololuwa

Masu ƙera inji sukan yi tsaga a jikin fulin da yake gaban karanshaf ko a jikin fulawil, tare da alamar da ba ta motsi a jikin injin. Sai dai a tsohon inji alamar takan shafe saboda tsatsa da dauɗa, ko ya zamana an sauya fulin da na wata mota. A nan sai a nemo ƙololuwar daga tushe.

Da farko a tabbatar da silinda ta ɗaya. Yawancin kamfanoni suna fara ƙirga daga gaba, amma Peugeot ya saba farawa daga ɓangaren fulawil, wato kusa da giya. A inji mai silinda 4 a jere, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa tare suke sauka, don haka alamar ƙololuwarsu ɗaya ce, sai dai yayin da ɗaya yake matsa, ɗayan yana korar hayaƙi ne. Haka kuma kowane fistin yana kai ƙololuwa sau 2 a zagaye guda, ƙarshen matsa da ƙarshen korar hayaƙi, kuma ta farkon ake nema. Don a bambanta su, sai a kashe mota, a sa giya a furi, a cire fulogogi, a toshe ramin fulogi na ɗaya da yatsa ko da tsumma mai tsabta, wani kuma ya riƙa juya karanshaf da sifana ta fuskar da injin yake juyawa. Idan aka ji iska tana turo yatsa, fistin yana hawan matsa kenan. Wanda ya rikita waɗannan biyu zai ga mota ta ƙi tashi, tana harbi ta kafireta ko ta salansa.

Wasu sukan zura sukundireba a ramin fulogi, su juya injin har su ji ta daina hawa, su ce nan ne. Wannan yana kai mutum kusa, amma ba ya kai shi daidai. A injin 504 mai tafiyar fistin milimita 81, idan karanshaf yana digiri 5 kafin ƙololuwa ko bayanta, fistin bai sauka fiye da kimanin milimita 0.2 ba, wato kaurin takarda biyu. Babu hannun da zai ji wannan bambanci, alhali kuskuren digiri 5 ya isa ya ɓata taimin.

Dabarar ita ce a auna daga inda fistin yake gudu. A zura siririyar sanda mai tsabta wadda ba za ta karye ba, a juya injin har ta kai iyakar hawanta, sannan a yi mata zane kimanin santimita 1 sama da bakin ramin. A juya karanshaf gaba a hankali har zanen ya sauko daidai bakin ramin, a yi alama da alli a jikin fuli daura da wani tsayayyen manuni. Sai a juya baya, a wuce ƙololuwa, har zanen ya sake saukowa daidai bakin ramin, a yi alama ta biyu. A waɗannan wurare fistin yana motsa kusan rabin milimita a kowane digiri, abin da ido yake iya gani. Tunda fistin yana zurfi ɗaya a wuraren biyu, ƙololuwa tana tsakiyar alamomin daidai. A auna tazarar da zare, a ninka zaren biyu, a yi alama ta dindindin da fenti.

Daga nan sai lissafin da'ira. Idan faɗin fulin santimita 15 ne, kewayensa zai kai kimanin santimita 47. A raba da 360, kowane digiri zai zama kimanin milimita 1.3. Mai neman digiri 10 kafin ƙololuwa sai ya auna milimita 13 daga alamar, ta ɓangaren da yake fara isa manuni idan injin yana juyawa.

Saita Taimin

Kafin a taɓa distirbita sai an fara gyara ratar kwantak, wadda a irin waɗannan injuna takan kasance wajen milimita 0.4. Dalili kuwa, faɗaɗa ratar yana sa kwantak ya buɗe da wuri, ƙuntata ta kuma yana sa ya makara. Da yake ɗan dunduniyar kwantak yana cinyewa da tafiya, ratar tana raguwa a hankali, taimin yana ta makara ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shi ya sa ake duba shi lokaci lokaci.

Adadin digirin da za a saita yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera motar, kuma ya bambanta daga inji zuwa inji. A tsofaffin injuna masu silinda 4 yakan faɗa tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin ƙololuwa. A juya karanshaf har wannan alama ta zo daura da manuni, silinda ta ɗaya tana matsa. A sassauta notin da ya riƙe distirbita. A samo ƙwan fitila mai bolt 12 da wayoyi biyu, a haɗa ɗaya a kan kwayil inda wayar distirbita take fita, ɗaya kuma a jikin ƙarfen injin, sannan a murɗa makulli ba tare da an tayar da motar ba. A juya jikin distirbita ta fuskar da rota take bi har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita sannu a hankali. Daidai inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya buɗe. A ɗaure notin a nan. Don tabbatarwa, a juya karanshaf sau 2 a ga ko ƙwan zai kama a kan alamar.

Hanya ta biyu ita ce ta fitilar taimin, wadda ake maƙalawa a wayar fulogi na ɗaya tana walƙiya duk lokacin da tartsatsi ya wuce. Tushenta shi ne fitilar walƙiya ta lantarki da Harold Edgerton ya inganta a Amurka a farkon shekarun 1930. Da yake hasken yana faɗa wa fuli a wuri ɗaya kowane lokaci, ido kuma yana riƙe hoton abin da ya gani na ɗan lokaci, sai alamar ta bayyana kamar a tsaye take. Ana yin wannan ne injin ya ɗumama yana silo, galibi bayan an zare tiyon gwangwanin an toshe shi. Idan aka taka totur alamar ba ta matsa ba, to ƙarafan cikin distirbita sun cije. A kula ƙwarai, domin wannan haske yana sa fanka da fambel su ma su yi kamar a tsaye suke, alhali suna gudun da zai iya cire yatsa.

Illar Gaggawa da Illar Makara

Gogaggun makanikai da yawa suna saita taimin da kunne, su juya distirbita har sautin injin ya yi musu daɗi. Kunnen gwani yana da daraja, sai dai inji yakan fi daɗin sauti a silo idan taimin ya wuce kima wajen gaggawa. Da an ɗora masa kaya ya kama hawa, sai a ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Abin da yake faruwa shi ne, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba yana fashewa da kansa saboda matsi da zafi, kuma wannan fashewa tana iya karya ringi ko ta huda fistin. Zafin watannin Maris da Afrilu yana ƙara wannan haɗari. Don maganin wannan ƙara ne aka fara zuba sinadarin dalma a fetur bayan gano tasirinsa a 1921, har aka tabbatar da cutarwarsa ga ƙwaƙwalwar yara. Ƙasar ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan fetur ita ce Aljeriya, a 2021.

Idan kuwa taimin ya makara, man yana ci gaba da ci bayan fistin ya yi nisa da sauka, zafin da ya kamata ya zama ƙarfi sai ya bi ta bawul ɗin fita da salansa. Mota ta yi nauyi, ruwan lagireto ya yi ta tafasa, direba ya ƙara taka totur, mai ya yi ta tafiya. Sau da yawa akan ɗora wa kafireta laifi a ƙara mata mai, wanda hakan yake ƙara iskar kabon monoksaid a cikin hayaƙi. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da ɗoriya. Saboda haka ƙa'ida ita ce kwantak da farko, sannan taimin, kafireta daga ƙarshe, kuma kada a bar inji yana aiki a rufaffen wuri.

Kammalawa

Motocin zamani ba su da kwantak ko distirbita. Wata na'ura ce take ƙirga haƙoran wani faifai a jikin karanshaf, inda aka bar giɓi don kwamfutar motar ta san inda ƙololuwa take, ita kuma ta zaɓi lokacin kowane tartsatsi. Duk da haka, mai sauya bel ɗin taimin na sabuwar mota sai ya nemo ƙololuwar silinda ta ɗaya kafin ya kwance komai. Ilimin bai tsufa ba, ɓuya kawai ya yi a cikin akwati.

Ga malamai, tsohon injin 504 ɗakin gwaji ne cikakke, domin a cikinsa akwai kewayen da'ira da digiri, da maganaɗisu da lantarki, da ƙuna da matsin iska. Makarantun Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha ba su da nisa da garejoji, kuma ziyarar yini guda, da izinin maigidan gareji, za ta nuna wa ɗalibai abin da allo ba zai iya nunawa ba. A aji ma ana iya yanka faifan kwali a maƙala masa rula a matsayin sandar fistin, ɗalibai su juya shi digiri biyar biyar suna auna saukar fistin, su gani da idonsu yadda yake kusan tsayawa a ƙololuwa. Ɗalibin da ya yi wannan awo da hannunsa zai fahimci abin da ya sa alli da zare da ƙwan fitila suke iya gano abin da kunne ya kasa ji.